Tambaya da Amsa: Yadda intaferon ke kunna ƙwayoyin gado a cikin sel

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan intaferon suke, furotin ɗin nan da jiki ke saki da zarar bairos ya shige shi. Akwai kalmomi biyu da za su riƙa dawowa. Sel shi ne ɗan ƙanƙanin ɗakin da aka gina jikin mutum da irinsa, kowane da fatarsa da cibiyarsa inda DNA ke ajiye. Ƙwayar gado kuwa yanki ce ta DNA mai ɗauke da bayanin yadda za a ƙera wani furotin. Idan muka ce an kunna ta, muna nufin sel ya fara kwafe bayanin zuwa RNA domin a ƙera furotin ɗin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce intaferon ba ya shiga cikin sel, a waje yake tsayawa, kuma ya ce shi ke kunna ƙwayoyin gado a can cikin cibiya. Ta yaya wanda bai wuce zaure ba zai buɗe akwatin da ke ƙuryar ɗaki? Daga wata ɗalibar likitanci, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminku bai yi kuskure ba, 'yar'uwa. Intaferon sallama kawai yake yi a ƙofa, 'yan gida ne ke kai saƙon ciki. Bari mu bi saƙon intaferon alfa ko beta taki-taki.

A fatar sel akwai makarɓi, wato furotin mai karɓar saƙon intaferon, mai ɓangare biyu, IFNAR1 da IFNAR2. Kowannensu kansa na waje, wutsiyarsa na cikin sel. Ba su da yawa, daga 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai a kan sel guda. Intaferon yakan fara kama IFNAR2, don shi ya fi riƙe shi da ƙarfi, sannan ya jawo IFNAR1 su haɗu su uku. Wutsiyoyin nan ba sa iya komai da kansu. Amma kowace na da inzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki a sel, da ke maƙale da ita tun kafin baƙo ya zo: TYK2 a jikin IFNAR1, JAK1 a jikin IFNAR2. Dangin JAK su huɗu ne, sauran biyun su ne JAK2 da JAK3. An ɗauko sunan daga Janus, gunkin Rumawa mai fuska biyu, saboda kowane JAK na da sashe biyu masu kama da juna, ɗaya na aiki, ɗaya na riƙe linzamin mai aikin.

Da zarar intaferon ya kusanto da wutsiyoyin, TYK2 da JAK1 sai su isa ga juna. Aikinsu ɗaya ne tak, su ciro fosfet daga ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzarin sel, su manna shi a kan wani amino asid, wato tubalin ginin furotin, mai suna tairosin. Ki ɗauki fosfet ɗin nan kamar hatimi a kan takarda. Sukan fara buga wa juna hatimin, wanda ke ƙara musu kuzari, sannan su buga a wutsiyar makarɓin.

Nan ne STAT1 da STAT2 ke shigowa. Furotin ne da ke zaune cikin ruwan sel suna jiran kira. Kowannensu na da wani aljihu da ake kira SH2, wanda ba ya kama komai sai tairosin mai hatimi. Idan suka iso wurin makarɓin, JAK ya buga wa STAT2 hatimi a tairosin na 690, STAT1 kuma a na 701. Riƙe lambar 701 ɗin nan, ana yawan tambayarta a jarrabawa, kuma ita ake nema a ɗakin gwaji. Daga nan aljihun STAT1 ya kama hatimin STAT2, aljihun STAT2 ya kama na STAT1, su sarƙe. Na ukunsu shi ne IRF9, wanda galibi dama yana tare da STAT2. Wannan tawaga ta uku ita ake kira ISGF3.

Cibiyar sel na da ganuwa mai ƙofofi, kuma babban furotin ba ya wucewa sai da ɗan rakiya. Sarƙewar da STAT ɗin suka yi tana fito da wata alama da ke ɓoye a da, sai wani furotin mai suna imfotin alfa 5 ya gane ta, ya ratsa da su ta ƙofa.

A cikin cibiya tawagar ba ta zama ko'ina. Tana neman wani gajeren rubutu ne a gaban wasu ƙwayoyin gado, ana ce masa ISRE. Zuciyarsa ita ce GAAA, sai kowane harufa biyu, sai GAAA kuma. IRF9 ne ke karanta rubutun, STAT1 ya ƙara riƙo a gefe, shi kuwa STAT2 aikinsa kiran ma'aikata. Yakan jawo p300 da CBP, masu sassauta DNA daga jikin histon, furotin ɗin da aka nannaɗe ta a kai, sannan RNA folimares na biyu, inzayim mai kwafe DNA zuwa RNA, ya hau ya fara kwafa. Akwai hatimi na biyu da ake buga wa STAT1 a serin na 727; ba shi ke shigar da shi cibiya ba, ƙarfin kwafar yake ƙarawa. Duk ƙwayar gado mai ISRE a gabanta ta kunnu ke nan, kuma sun kai ɗaruruwa.

Abin da ya fi burge mu a wannan hanya shi ne gajartarta. Tsakanin ƙofa da DNA babu dogon jerin masu miƙa saƙo; wanda aka buga wa hatimi a bakin ƙofa shi da kansa ke zuwa ya zauna a kan DNA. Kuma komai a shirye yake tun farko, ba a jiran ƙera sabon furotin. Shi ya sa cikin minti 5 ake fara ganin STAT1 mai hatimi, cikin minti 15 zuwa 30 ya taru a cibiya, cikin awa ɗaya zuwa biyu sabon RNA ya bayyana. Sel ya gama ɗaura ɗamara bayan wasu awoyi.

An daɗe kafin a gano hakan. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano intaferon a Landan a 1957, suna aiki da bairos ɗin mura da tantanin ƙwan kaza. Sai farkon shekarun 1990 aka warware hanyar. James Darnell a Jami'ar Rockefeller da ke New York ya tsamo furotin ɗin STAT ɗaya bayan ɗaya, su kuma George Stark da Ian Kerr a Landan suka samar da sel-sel ɗin mutum da suka kurmance ga intaferon, suka riƙa mayar musu da ƙwayar gado guda-guda har jinsu ya dawo. Wanda ya rasa TYK2 suka kira U1A, wanda ya rasa STAT1 kuma U3A, kuma har yau ana aiki da su.

Tambaya: Ina ganin alfa, beta, gama, yanzu ga lamda. Duk abu ɗaya ne da suna daban-daban? Daga wani mai harhaɗa magunguna, Maraɗi.

Amsa: A'a, Malam, gida uku ne. Gida na farko ya ƙunshi beta da alfa, wanda shi kaɗai ƙwayoyin gadonsa 13 ne, duk a jere a kuromosom na 9, ɗaya daga cikin ƙunshin DNA da ke cibiya, kuma duk makarɓi ɗaya suke bi, wanda muka bayyana a sama. Kusan kowane sel mai cibiya na jin kiransu.

Gama shi kaɗai ne a gidansa, kuma ba kowa ke yin sa ba, sai sel ɗin garkuwa irin T da NK. Makarɓinsa IFNGR1 da IFNGR2 ne, da JAK1 da JAK2. A nan babu ruwan STAT2 da IRF9. STAT1 biyu ne ke sarƙewa da juna, su nemi wani rubutu daban mai suna GAS, wato TTC, harufa uku, GAA. Da yake rubutun ya bambanta, ƙwayoyin gadon da ke kunnuwa ma sun bambanta. Gama ya fi karkata ga zuga makurofaj, sel ɗin nan mai haɗiye ƙwayoyin cuta, ya kashe abin da ya haɗiya, irin ƙwayar tarin fuka. Shi ya sa gwajin jini na tarin fuka mai suna QuantiFERON intaferon gama yake aunawa: a haɗa jini da gutsattsarin furotin ɗin ƙwayar tarin fuka, a bar shi awa 16 zuwa 24, a ga ko sel ɗin T sun tuna ta. Gwajin ba ya bambance wadda ke barci da wadda ke aiki, don haka ba ya maye gurbin gwajin majina.

Lamda kuma a 2003 aka gano shi. A cikin sel hanyar ISGF3 yake bi kamar alfa, sai dai makarɓinsa a wurare kaɗan yake, galibi fatar cikin hanci da huhu da hanji, da kuma hanta. Mai gadin bakin iyaka ne, yana kashe wuta a inda ta tashi ba tare da ya tada gari duka ba.

Wani abin lura: daga cikin ɓangarori shida na makarɓan nan uku, huɗu a kuromosom na 21 suke. Masu lalurar Down suna da wannan kuromosom uku maimakon biyu, shi ya sa sel ɗinsu ke jin intaferon fiye da kima.

Tambaya: To in an kunna ƙwayoyin gadon, me suke yi wa bairos ɗin? Kuma wa ya fara sanar da jiki cewa bairos ya shigo? Daga wani malamin sakandare, Gusau.

Amsa: Wanda aka fara kamawa shi ke yin kururuwa. A cikin sel akwai masu sintiri da ke gane abin da bai kamata a gani ba. RIG-I da MDA5 suna gane RNA irin na bairos, musamman mai igiya biyu. Shi kuma cGAS yana gane DNA da ta fito ruwan sel, inda ba wurinta ba. Saƙonsu na kaiwa ga IRF3, ya shiga cibiya ya kunna ƙwayar gadon intaferon beta. Sel ɗin da ya yi ihun sau da yawa ba ya tsira. Maƙwabta ake yi wa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa.

Ruwan da suke shafawa iri-iri ne. PKR, idan ya ci karo da RNA mai igiya biyu, yakan buga wa eIF2-alfa hatimi a serin na 51, sai ƙera furotin ya tsaya cak a sel ɗin, na bairos da na mai gida. OAS na haɗa wani ɗan sinadari da ke tada RNase L, almakashin da ke yayyanka RNA ba sani ba sabo. MxA na kewaye kayan cikin bairos ɗin mura ya hana su aiki. IFITM3 na hana bairos fasowa daga 'yar jakar da ya shigo a ciki. Tetarin kuwa ɗaure sababbin bairos yake yi a fatar sel, sun gama haɗuwa amma ba damar tafiya. Ana kuma ƙara yawan MHC na ɗaya, allon da sel ke baje samfurin abin da ke cikinsa don sel ɗin T su gani su kashe wanda ya kamu.

Ka lura PKR da OAS ba sa fara aiki don an ƙera su kawai, sai sun ga bairos da idonsu. Da ba haka ba, da intaferon ya kashe lafiyayyun maƙwabtan da ya zo ceto.

Tambaya: An sa wa yayana allurar intaferon saboda ciwon hanta nau'in B. Daren farko ya kwana da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kamar maleriya, yanzu bayan wata guda abin ya yi sauƙi. Shin maganin ya daina aiki ne? Daga wata baiwar Allah, Kano.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Zazzaɓin nan da ciwon jiki aikin intaferon ne da kansa. Hasali ma yawancin abin da mutum ke ji lokacin mura mai tsanani nasa intaferon ne ke jawo shi. Sauƙin da ya samu abu ne da aka saba gani, ba shi ne ma'aunin aikin magani ba. Gwajin jini ne ke nuna wannan.

Dalilin sauƙin na da alaƙa da yadda sel ke kashe abin da ya kunna. Cikin ƙwayoyin gadon da ISGF3 ke kunnawa har da na birki. SOCS1 na fitowa cikin awoyin farko ya toshe bakin JAK. Wasu inzayim na goge hatimin STAT1 a cikin cibiya, a koro shi waje. Shi kansa IFNAR1 akan janye shi cikin sel a narkar. Mafi daɗewa shi ne USP18, wanda ke zama a wutsiyar IFNAR2 ya hana makarɓin haɗuwa da kyau, ya bar sel da nauyin kunne na kwanaki, musamman ga alfa. Birkin nan ba ado ba ne. Jariran da aka haifa babu USP18 sukan zo da kumburin ƙwaƙwalwa kamar sun kamu da cuta a ciki, alhali babu wata ƙwayar cuta, intaferon ne ya ƙi yin shiru. Haka ma a cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke far wa jikin da kansa, ana samun ƙwayoyin gadon nan a kunne dare da rana, kuma tun 2021 akwai maganinta mai suna anifrolumab da ke toshe IFNAR1.

A aikace, peginterferon alfa-2a maikurogiram 180 ake yi a ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako, har mako 48. Akan so a yi da dare, a sha farasitamol gwargwadon yadda likita ya ce. Abin da ya kamata ku sa wa ido ya wuce zazzaɓi. Maganin na rage fararen ƙwayoyin jini da filatilet masu tsayar da zubar jini, don haka ana duba jini a kai a kai. Yana iya rikita tayirod, ƙullin wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo, a duba shi duk wata uku. Yana kuma jawo baƙin ciki mai tsanani ga wasu. In kuka ga ya janye daga mutane, ba ya barci, ko yana maganar gajiya da rayuwa, ku gaya wa likita a ranar. Ba a ba mai juna biyu, ba a kuma ba wanda hantarsa ta riga ta gaza, mai kumburin ciki ko shawara, domin yana iya ƙarasa ta. Gaskiyar magana, waɗanda alamar bairos ɗin ke ɓacewa daga jininsu gaba ɗaya ta wannan hanya ba su kai 10 cikin 100 ba, shi ya sa yawancin masu ciwon tenofovir ko entecavir ake ba su. Kada ya tsayar da allurar da kansa.

A ciwon hanta nau'in C an daina amfani da intaferon, ƙwayoyi irin sofosbuvir sun maye gurbinsa, suna warkar da fiye da 95 cikin 100 a mako 8 zuwa 12. Amma akwai darasin da zamanin intaferon ya bari da ya shafe mu kai tsaye. A Amurka an lura kusan rabin Turawa na warkewa, baƙaƙen fata kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A 2009 aka danganta bambancin da wani wuri a kuromosom na 19, a 2013 aka gano ƙwayar gadon lamda 4 a wurin. Yawancin 'yan asalin Afirka na ɗauke da nau'in da ke ƙera lamda 4. Hantarsu na zama da ƙwayoyin gadon intaferon a kunne tun kafin magani, har da birki, sai allura ta zo ta tarar da kunne ya riga ya toshe.

Tambaya: In dai jiki na da wannan makami, me ya sa Lassa da Ebola ke kashe mutane haka? Daga wani jami'in lafiya, Bauchi.

Amsa: Domin duk bairos ɗin da ke iya sa mutum ciwo ya riga ya san inda zai datse hanyar. Wanda bai sani ba, ba ma jin labarinsa.

Bairos ɗin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 daga garin Lassa na Borno, tun daga tushe yake ɓoye sawu. Furotin ɗinsa NP na da baki mai cinye RNA mai igiya biyu, wato shaidar da RIG-I ke nema. Ba shaida, ba kururuwa. Ya yi ta yaɗuwa cikin makurofaj da danginsu ba tare da sun farka ba.

Ebola ta biyu take bi. VP35 na lulluɓe RNA ɗin kada a gani. In kuma maƙwabci ya yi ihu duk da haka, VP24 na jira a ƙofar cibiya. Yana kama imfotin a daidai gurbin da STAT1 mai hatimi ke riƙewa. Komai ya tafi daidai, an yi sallama, an buga hatimi a 701, an sarƙe, amma babu ɗan rakiya, sai tawagar ta yi ta tsayuwa a waje. Wayon da ke ciki shi ne yawancin sauran kaya na ci gaba da wucewa ta ƙofar, sel bai ma san an yi masa sata ba.

Bairos ɗin ƙyanda na riƙe STAT da furotin ɗinsa V ya hana su shiga cibiya. Na hangum ya fi shi rashin imani, yakan sa wa STAT1 alamar shara sel ya niƙe shi da hannunsa. Na dengi haka yake yi wa STAT2 ɗin mutum, amma ba ya iya yi wa na ɓera, shi ya sa masu bincike ke amfani da ɓerayen da aka cire wa makarɓin intaferon. Dangin agana da ƙyandar biri kuwa makarɓin bogi suke saki a waje ya tsotse intaferon kafin ya kai ƙofa. HIV na da Vpu musamman don kwance igiyar tetarin.

Korona ta nuna muhimmancin lokaci ƙarara. A 2020 ƙungiyar Jean-Laurent Casanova ta gano kusan 10 cikin 100 na waɗanda cutar ta kai gargara suna ɗauke da antibodi, wato furotin ɗin garkuwa, da ke kashe intaferon ɗin jikinsu, akasarinsu maza. Rashinsa a kwanakin farko ya ba bairos fili. Amma da aka gwada ba marasa lafiyar da ke kwance a asibiti intaferon beta a babban gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya, bai rage mutuwa ba. Cikin magungunan da suka rage ta a wannan mataki akwai baricitinib, wanda aikinsa toshe JAK. Hanya ɗaya ce, a makon farko ana neman ta a buɗe, a na biyu ana neman a rage mata wuta.

Tambaya: Ina aikin digiri na biyu. Na zuba wa sel ɗina intaferon alfa, na bar su kwana guda, na yi gwajin Western, mai nuna furotin a matsayin layi a kan takarda, don ganin STAT1 mai fosfet a 701. Sau uku ban ga layi ba. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

Amsa: Ka zo bayan an watse, ɗan'uwa. Hatimin 701 yana kaiwa ƙololuwa a minti 15 zuwa 30, ya dusashe cikin 'yan awoyi. Zuba yunit 1,000 a kowace mililita, ka kwashe a minti 0, 15, 30, 60 da 120. A awa 24 abin da za ka nema shi ne MxA ko ISG15, furotin ɗin da intaferon ke sa a ƙera, da kuma jimillar STAT1, wanda za ka ga ya ƙaru don shi ma cikin ƙwayoyin gadon da ake kunnawa yake. In RNA kake so, awa 4 zuwa 6 ya dace, ka auna IFIT1, ISG15 da MX1.

In ka gyara lokaci layin bai fito ba, duba hannunka. Ɗora farantin a kan ƙanƙara, ka wanke da PBS mai sanyi, ka fasa sel nan take. Ruwan fasawar dole ya ƙunshi sodiyam otobanadet milimola 1, wanda aka riga aka tada shi, in ba haka ba inzayim masu goge fosfet za su share hatimin kafin ka kai injin juyawa. Loda maikurogiram 20 zuwa 30 a jel mai kashi 8. Ka toshe takardar da BSA kashi 5 cikin TBST, ka bar madara, domin kasin ɗin cikinta na ɗauke da fosfet yana ɓata hoto. Layi biyu za ka gani kusa da juna, a nauyin kilodalton 91 da 84.

Sai shi kansa intaferon. Yana maƙalewa a jikin roba in ruwan ya yi tsarki da yawa, don haka a narka shi da BSA kashi 0.1, a rarraba ƙanana, a ajiye a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili. Kwalbar da ta narke ta daskare sau biyar saboda ɗauke wuta, ka ɗauka ta mutu. Duba takardarta ma: gama na mutum ba ya aiki a sel ɗin ɓera, na ɓera ba ya aiki a na mutum. Kada kuma ka sake zuba alfa a kan sel ɗin da suka sha shi jiya, USP18 na nan. In ka ga layi har a sel ɗin da ba ka zuba wa komai ba, gwada su ko ƙwayar cutar maikofilazma ta shiga. Ka ware faranti ɗaya ka sa masa ruxolitinib, mai toshe JAK, maikuromola 1 awa guda kafin intaferon. In layin ya ɓace a nan, na gaske ne.

Tambaya: Wani jariri ɗan wata biyar ya zo mana da ƙulli a hammata bayan allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, ga zazzaɓi ba ya sauka, ga rama, saifa ta kumbura. Uwar ta ce wansa ma haka ya yi ya rasu. Mene ne wannan? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Damagaram.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, kuma kin yi kyau da kika tambayi labarin wan. A fara da cewa ƙurji a wurin allura bayan mako biyu zuwa uku, ya fashe, ya warke ya bar tabo, wannan shi ne daidai. Ɗan ƙulli a hammatar wannan ɓangare ma yakan faru ya baje da kansa, ba a tsaga shi. Miliyoyin jarirai na karɓar BCG lafiya, tana kuma kare su daga tarin fukan da ke kama ƙwaƙwalwa, don haka wannan ba dalilin tsorata iyaye da rigakafi ba ne.

Abin da kika kwatanta daban ne, ƙwayar rigakafin ce ta bazu a jiki, kuma hakan na nufin garkuwar yaron na da giɓi. A fara da gwajin HIV na uwa da ɗa, sai ƙidayar fararen ƙwayoyin jini, domin ƙarancin nau'insu mai suna limfosait na iya nuna yaron ba shi da sel ɗin T. In waɗannan sun fito lafiya, sai a yi zargin hanyar gama. Makurofaj da ya haɗiyi ƙwayar yakan saki wani furotin na aika saƙo mai suna IL-12, sel ɗin T da NK su amsa da intaferon gama, gama ya dawo ta IFNGR da STAT1 ya ba makurofaj ikon kashewa. Ko'ina zoben nan ya tsinke, ƙwayar da ba ta da ƙarfi ma sai ta yi ɓarna, haka ma salmonela. An fara bayyana rashin IFNGR1 a 1996. Yawancin ire-iren lalurar sai yaro ya gaji ƙwayar gadon mai matsala daga uwa da uba duka, su kuwa lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ta fi fitowa a auren zumunci. A faɗa wa iyaye wannan da lalama, babu mai laifi a cikinsu.

Inda zoben ya tsinke shi ke nuna magani. In makarɓin IL-12 ne ya lalace, yaron ba ya yin gama amma yana jin sa, don haka allurar gama tare da magungunan tarin fuka na taimakawa. In makarɓin gama ne babu gaba ɗaya, allurar ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, sai dashen ɓargo. A kula, ƙwayar BCG ba ta jin pyrazinamide, don haka haɗin da aka saba bai wadatar yadda yake ba. Ki tura shi asibitin koyarwa yau, kada a ƙara masa wata rigakafi mai rai sai likitan yara ya duba shi, kuma ki rubuta a katin uwar cewa duk jaririn da za ta haifa nan gaba a dakatar da BCG ɗinsa har a gwada shi.